Lasa Ɗari Uku da Tamanin da Bakwai

Ni tela ne, sunana Idi, shagona yana kallon bakin tashar mota ta Tanut. Shekara goma sha tara ke nan, duk lokacin da na ɗaga kai daga kan keken ɗinki, teburin Mailafiya nake fara gani. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba. A gabana aka yi yawancinsa, wani ma a cikin shagona.

Sunansa na yanka Haris. A Falanko aka haife shi, shekarar da uwarsa ta tashi daga wata doguwar jinya, shi ya sa kakarsa ta laƙaba masa Mailafiya, sunan ya bi shi har ya danne na yankan. Ubansa manomin gero ne, su tara ya haifa, gonar kuwa ba ta ƙaruwa. Da Mailafiya ya kai shekara ashirin sai ya naɗe tabarmarsa ya shigo Tanut. Da faranti a ka ya fara, yana zagaya motocin da ke tsayawa a hanyarsu ta Agadas ko Damagaram, yana tallar goro da ashana da minti. Daga faranti ya koma tebur, ya kafa masa rumfar zana, daga baya ya rufa mata kwano. Ya auri Raliya, 'yar garinsu, suka haifi biyar, huɗu suka rayu.

Teburinsa abin kallo ne. Sukari a ƙulle cikin leda, ganyen shayi, sabulu, biskit, batir, kowanne da layinsa, ba wanda ke shiga na wani. Yana da wata wutsiyar saniya da yake kaɗe kayan da ita duk lokacin da babbar mota ta wuce. Ya san direbobi da sunansu, ya san mai son farin goro da mai son ja, kafin mutum ya kashe mota ya riga ya ware masa nasa.

Kuma ba marowaci ba ne, kada wani ya fahimce ni a haka. Na sha ganin ya ba matafiyin da guzurinsa ya ƙare biskit da ruwa, bai nemi ko godiya ba. Ciwonsa ɗaya ne. Yana son taimakon mutum matuƙar mutumin yana ƙasa da shi. Raliya ta taɓa ce wa matata, "Malam in ya ba ka riga, ka yi hankali kada ta yi maka kyau fiye da yadda ta yi masa."

Attahir kuwa makiyayi ne daga wajen Tenhiya, dogo, siriri, kullum cikin shuɗin rawani, amawali ya rufe masa baki da rabin hanci kamar yadda mazan Buzaye ke yi. Tun Mailafiya yana yawo da faranti suka san juna. Duk ranar kasuwa Attahir zai ɗaure raƙuminsa bayan tasha, ya ajiye jakarsa ta fata ƙarƙashin teburin Mailafiya, ya sayi sukari da ganyen shayi, in zai koma ya bar masa cuku biyu ko uku naɗe cikin ƙyalle. A wancan zamanin Attahir ne mai abin hannu, ga awaki, ga tumaki, ga raƙuma. Mailafiya bai taɓa jin haushin haka ba, don dabbobin suna can daji, idonsa ba ya kansu.

Sai aka yi shekarar da ciyawa ta ƙi. Dabbobin da suka kai damina da ƙyar, ruwan farko ya kwantar da su. Attahir ya shigo gari a ƙafa, da matarsa Safiyatu da 'ya'yansu da jaki ɗaya. Ya zo ya zauna inda ya saba zama, Mailafiya kuwa bai tambaye shi komai ba. Washegari Mailafiya ya ɗauko tsohon teburinsa daga gida, na ba shi ƙusa muka gyara ƙafar da ta karye, ya ajiye shi gefen nasa a rumfa ɗaya, ya ɗebi kaya daga kowane layi ya jera masa.

"Zauna nan," in ji shi. "Inuwar ta ishe mu."

Shekara uku suka yi haka. Attahir bai iya ciniki ba ko kaɗan. Ba ya kiran mai saye, ba ya tashi in mota ta tsaya, yana zaune yana fifita gawayi ƙarƙashin butar shayi. Mailafiya ne ke masa faɗa, shi ke gyara masa layin kaya, shi ke tura masa wanda ya zo neman abin da ya ƙare a nasa teburin. Duk wanda ya tsaya hira kuwa sai ya ji: "Wannan da kake gani, ni na zaunar da shi." Attahir yana kiransa maigida, yana miƙa masa kofin shayi na farko. A sanina, Mailafiya bai taɓa jin daɗin duniya kamar a waɗannan shekarun ba.

Abin ya faro ne daga wani kwalin alawa. Mailafiya ya je sari Damagaram, ya dawo da wata sabuwar alawa mai tsinke da aka ce daga Kano ta fito, ja, ƙatuwa kamar ƙwan zabo, da cingam a tsakiyarta. Ya zuba ta cikin kwalbar gilas, ya ɗibar wa Attahir nasa kamar yadda ya saba.

Kwana biyu bayan haka, da bazara, rana tana dukan kwanon rumfa, wata babbar motar fasinja mai zuwa Agadas ta lalace a bakin tasha. Direbanta Ismail, wani saurayi mai barkwanci da muka sani, ya ce sai an kawo madadin ƙarfen da ya lalace daga wani wuri. Fasinja suka yi sallar azahar suka watsu neman inuwa, da yawansu suka taru a rumfar Mailafiya. Shi kuwa ya samu kasuwa, ya ɗaga kwalbar yana zuba.

"Ga sabuwa daga Kano, mai cingam a ciki! Wa ya san lasa nawa ake yi kafin a kai ga cingam ɗin? Ni dai ban ga wanda ya taɓa kaiwa ba. Kowa in ya yi nisa sai ya taune."

Mutane suka yi dariya. Sai ya waiwaya wajen Attahir, ya zaro ɗaya daga kwalbarsa ya miƙa masa.

"Kai da ba ka da aikin yi, gwada mana mu gani."

Wasa yake yi. Attahir kuwa ya karɓa kamar an ba shi aiki. Ya sunkuya ya tsinci tsakuwa cikin tafinsa, ya ajiye ɗan kofin shayi a gabansa, ya ɓare ledar, ya zura alawar ƙarƙashin amawali. Ba abin da ake gani sai farin tsinken ya leƙo daga cikin shuɗin ƙyalle. Duk lasa ɗaya sai ya gyaɗa kai, duk lasa goma sai ya jefa tsakuwa ɗaya cikin kofin, ta ce ƙyas.

Da farko mutum biyu ko uku ne ke ƙirgawa tare da shi. Kafin ya kai ɗari, duk rumfar ta ɗauka. Ni ma na bar rigar da nake ɗinki na fito. A ɗari biyu wata tsohuwa ta ce a bar bawan Allah ya sha ruwa, ya ɗaga hannu alamar a'a. Ismail ya fito daga ƙarƙashin mota, hannunsa duk baƙin mai, ya zaro wayarsa ya fara ɗauka. Wani ya ce yanzu zai taune, wani ya rantse ba zai taune ba. Attahir dai bai canza tafiyarsa ba, kamar mai jan guga daga doguwar rijiya.

Ana gab da kiran la'asar ya tsaya. Ya zaro tsinken ya ɗaga, ga cingam ya bayyana a gefe guda. Ya juye kofin a kan tebur. Tsakuwa talatin da takwas, ya kuma ɗaga yatsu bakwai.

"Ɗari uku da tamanin da bakwai," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa.

Wuri ya kaure da tafi. A ranar alawar teburin Attahir ta ƙare tas, Mailafiya ya ƙara masa daga tasa yana dariya, yana cewa, "Kun gani? Ni na sa shi."

Dariyar ba ta kai mako ba. Abin da Ismail ya ɗauka ya shiga wayoyin mutane, ya kai Agadas, ya kai Damagaram, wani ya ce ya gan shi a Yamai. Duk motar da ta tsaya sai ka ji ana tambaya, "Ina Baba Lasa?" Su wuce teburin Mailafiya da layukansa, su tsaya gaban na Attahir. Su sayi alawa, tunda sun riga sun tsaya kuma su sayi sabulu da sukari. Wasu su durƙusa gefensa a ɗauke su hoto.

Mailafiya ya shigo shagona ya ce in nuna masa abin a wayata. Na nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in maimaita. Sau biyar ya kalla.

"Ina nake?" ya tambaye ni.

Na duba da kyau. A gefen hagu, can ƙasa, akwai gwiwar hannun wani cikin farar riga.

"Ga ka nan," na ce.

"Tambayar tawa ce, Idi. Alawar tawa ce, daga kwalbata ta fito. Teburin nawa ne, rumfar tawa ce. Ni na ce masa ya gwada. Abin da ya rage mini a ciki gwiwar hannu?"

Na ce ya bari, abin waya kwana biyu ne, zai wuce. Bai wuce ba. Gidan rediyon gari ya aiko aka tafi da Attahir. Muka zauna a shagona muna saurare, ni da Mailafiya. Da aka tambaye shi yadda aka fara, Attahir ya ce, "Maigidana ne ya ba ni, shi ya ce in ƙirga. Duk abin da nake ci a garin nan ta hannunsa ya biyo." Na dubi Mailafiya ina murna, na ga fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Maigida nawa ne a Tanut?" in ji shi. "Ba ni da suna?"

Na ce ai girmamawa ce, mutumin bai taɓa kiran sunansa gatsau ba tunda suke. Ya ce girmamawar da ba ta kawo mai saye, a riƙe ta.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa a rumfar, kaɗan-kaɗan. Ya jawo teburinsa gaba da taki ɗaya, don wanda ya sauko daga mota shi zai fara tararwa. Mutane suka riƙa zagaye shi. In Attahir ya miƙo shayi sai ya ce cikinsa ba daɗi. Ya daina sarar masa kaya in ya je Damagaram, sai direbobi suka riƙa kawo wa Attahir da kansu, har da wata alawa mai launin kore da Mailafiya bai taɓa gani ba. Rannan da safe na buɗe shago na ga an rataya tabarma a tsakiyar rumfa, ta raba teburan biyu. Mailafiya ya ce wai rana ce ke taɓa masa sabulu. Rana kuwa ba ta wannan gefen take shigowa ba.

Attahir kuwa bai canza komai ba. Shayin dai yake zubawa, ya zagayo tabarmar ya ajiye kofin a bakin teburin Mailafiya, in ya huce ya dawo ya ɗauke.

Sai Mailafiya ya samu wata magana da ya riƙe. Ya fara faɗa mini, daga baya ya fara faɗa wa duk wanda zai saurara: "Wa ya ga harshensa? Abu a ƙarƙashin amawali. Kai kawai yake gyaɗawa. Ni ma zan iya gyaɗa kai sau dubu."

Ya rame a 'yan watannin nan. Raliya ta zo karɓar ɗinki ta ce mini Malam ya daina cin miya mai yaji, wai harshensa ke ciwo. Ta ce ta shiga ɗaki da hantsi ranar Juma'a ta same shi ya juya wa ƙofa baya, da ta yi magana ya ɓoye hannu a aljihu, leɓensa ja wur kamar na amarya.

"Malam Idi, ka yi masa magana," in ji ta. "Mutum da jikoki."

Ban kai ga yi masa ba ya zo da kansa. Ana tsakar rana, tasha ba kowa, ya shigo ya saki labulen ƙofa, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya ajiye alawa huɗu a gefensa.

"Kai za ka ƙirga. Ni in ina ƙirgawa ina lasa, rikicewa nake."

Na ce, "Mailafiya, ina da kayan biki a gabana."

"Ba za ta ɗauki lokaci ba."

Na ajiye almakashi. Ta farko, a tasa'in da shida na ji ƙaras, ya taune. Ya dube ni kamar ni na sa shi. Ta biyu ta kai ɗari da arba'in. Ta uku ya yi ƙoƙari, yana lasa yana huci, zufa na bin wuyansa, har muka wuce ɗari biyu. Sai muka ji an yi dariya a waje, wata mota ta tsaya ana gaisawa da Baba Lasa. Nan take haƙoransa suka haɗu.

Ta huɗu ya yi dabara. Ya riƙe haɓarsa da hannun hagu, ya miƙo harshe waje, ya nisanta alawar daga haƙora, yana taɓa ta da kan harshe kawai. Na yi ta ƙirgawa ina kallon ƙasa, don in na dube shi dariya za ta ƙwace mini. Muka wuce ɗari uku da tamanin da bakwai, cingam bai fito ba. Ya zaro ido, ya ci gaba. Sai a ɗari biyar da goma sha biyu abin ya bayyana.

Ya miƙe tsaye, harshensa ya yi nauyi har maganar ba ta fita sosai.

"Ka gani? Ƙarya ya yi! Ɗari da ashirin da biyar ya cinye wa mutane!"

Na ce, "Harshenka ba nasa ba ne. Kai kana lasa kamar kyanwa tana shan nono. Ka ba mutum goma, lissafi goma za ka samu."

Bai ji ni ba. Ya naɗe tsinken cikin takarda ya sa aljihu ya fita.

Ranar kasuwa ta zagayo. Tasha ta cika, ga mutanen ƙauye, ga makiyaya sun shigo da dabbobi, motoci biyu sun tsaya lokaci ɗaya, mutane sun yi cincirindo gaban teburin Attahir. Ina ɗinki na ji muryar Mailafiya ta tashi sama da ta kowa.

"Jama'a, tambaya gare ni! A cikinku wa ya ga harshen mutumin nan ranar da ya ƙirga? Ni na ƙirga a gaban shaida, ɗari biyar da goma sha biyu ne. Idi, fito ka faɗa!"

Na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"In gaskiya gare shi," Mailafiya ya ci gaba, "ya sauke amawalin nan ya yi a fili, kowa ya gani!"

Wurin ya yi tsit. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ta Damargu ya san ba a faɗa wa dattijon Buzu haka, balle a tsakiyar kasuwa. Wasu makiyaya da ke tsaye gefe suka juyo gaba ɗaya. Sarkin tasha ya taso daga kujerarsa yana cewa, "Mailafiya, ka san abin da bakinka ke faɗa kuwa?"

Attahir ya ɗaga wa 'yan'uwansa hannu. Ya sauke butar shayi daga wuta a hankali, ya miƙe, ya zagayo tabarmar, ya kama wuyan hannun Mailafiya. Ya jawo shi suka tsallako hanya, suka shigo shagona, ya saki labule.

"Idi, kai ma tsaya, tunda kai ne shaida."

Ya sa yatsu biyu ya sauke amawalin. Tunda na san shi ban taɓa ganin bakinsa ba sai ranar. Ya buɗe. Babu haƙori ko ɗaya a gaba, sama da ƙasa, sai wasu guntaye biyu ko uku can ciki.

"Raƙumi ya ɗauke na gaba tun ina saurayi," in ji shi. "Sauran shayi ya cinye. Mutane suna cewa haƙuri gare ni. Maigida, da me zan taune?"

Ya dubi Mailafiya, ya ci gaba.

"Ƙirgen kuwa gaskiya ne, ban ƙara ba, ban rage ba. To ka gani. In kana so ka faɗa musu, ga su can suna jira."

Ya mayar da amawalinsa, ya gyara, ya fita.

Mailafiya ya zauna a benci ya daɗe yana kallon ƙyallayen da ke ƙasa. Na zaci zai yi kuka, ko ya ce in raka shi ya ba da haƙuri. Can sai ya nisa.

"Ka ga ikon Allah, Idi? Ni da haƙorana cif, ba wanda ya taɓa ciwo, ba abin da suka tsinana mini. Shi har giɓi ya zame masa jari."

Dariya ta kuɓuce mini. Shi bai yi ba, da gaske yake.

Amma da ya fita, mutane suka zuba masa ido, sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Na gani. Ƙirgensa daidai ne." Ya koma bayan teburinsa ya ɗauki wutsiya yana kaɗe kayan da ba su da ƙura. Aka yi ta tambayarsa me ya gani, har sarkin tasha ya ja shi gefe, bai faɗa ba. Na san abin yana cinsa, don magana ɗaya ce da za ta rage wa Baba Lasa kwarjini, ga ta a bakinsa kullum. Bai taɓa furta ta ba. Ni ma da nake faɗa yanzu, sai da Attahir da kansa ya ce mini ba komai.

Tabarmar ta ƙara kwana biyu a rataye. A na uku Raliya ta zo tasha da kanta, abin da ba ta saba ba, ta gaida Attahir, ta kwance tabarmar ta naɗe, ta ce kuɓewa za ta shanya. Ba wanda ya hana ta. Da yamma na ga Mailafiya ya karɓi shayi. Yana sha dai yana leƙen kwalbar Attahir ta gefen ido, yana duba inda alawa ta sauka.

Attahir bai daɗe ba bayan haka. Bai taɓa son zaman tebur ba. Duk abin da ya samu a wannan shekarar yana mayar da shi akuya ko tunkiya, yana ba wani ɗan'uwansa riƙo. Da damina ta biyu ta yi kyau, ciyawa ta rufe ƙasa har wajen Tarka, sai ya ɗaura kaya a jaki. Ya zo da safe ya share teburin, ya tura shi ya haɗe da na Mailafiya, da sauran kayan da ke kai.

"Maigida, ga amanarka. Allah ya saka."

Mailafiya ya raka su har bayan gari, ya cusa wa Safiyatu sukari da ganyen shayi cikin kaya, ya dawo idonsa ja. Kwana uku ba ya magana da kowa.

Yanzu tebur biyu gare shi a haɗe, mafi tsawo a tashar. Masu neman Baba Lasa ba su daina zuwa ba, shi suke tararwa, a wurinsa suke saye, shi ke ba su labarin, a nasa labarin kuwa sunansa yana fitowa sau da yawa. Cinikinsa bai taɓa kai haka ba, har ya sake wa ɗakin Raliya kwano. Duk da haka in ya shigo shagona hutawa, abin da yake faɗa ke nan: "Shi yana can yana shan nono, iska na kaɗa shi. Ni ina nan cikin hayaƙin mota ina amsa tambaya a kansa."

A watan jiya wani fasinja ya nuna masa wani abu a waya. Wai wani mai tebur a Belbeji ya ƙirga tasa alawar a fili, ya samu ɗari uku da arba'in, yana cewa ta Tanut kuskure ce. Mailafiya ya karɓi wayar ya kalla, ya mayar wa mai ita. Washegari na zo na tarar da teburinsa a rufe da buhu, abin da ban taɓa gani ba in ba ranar salla ko rasuwa ba. Aka ce ya hau motar Belbeji tun da sassafe.

Kwana biyu ya yi. Da ya dawo ya shigo wurina kafin ya je gida, rigarsa duk ta yamutse.

"Yaya, ka gan shi?" na tambaya.

"Na gan shi. Na faɗa masa a gaban mutanensa, alawarsa ƙarama ce, ba irin tamu ba ce. Na kai masa tamu ya gwada, a ɗari da hamsin ya taune. Na ce masa a Tanut aka fara, a rumfata, kuma lissafin Attahir ne lissafi."

"To madalla. Hankalinka ya kwanta."

Ya zauna, ya cire hula yana fifita da ita.

"Idi, ka san teburin mutumin nan akwatin gilas gare shi? Gaba da sama duk gilas, da 'yar ƙofa ta baya, ƙuda ma ba ya shiga. A Belbeji fa." Ya mayar da hular kansa. "Wane kafinta ne ya yi maka wannan kantar?"